Kilim ɗin Camry ɗin Alhaji: abin da na rubuta rana bayan rana

Litinin, 7 ga Afrilu 2025

Da hantsi direban Alhaji ya shigo da motar garejinmu a Sabon Gari, Damagaram. Toyota Camry ce ta 2004, ƴar Amurka, mai kilim, wato na'urar sanyaya cikin mota, irin wanda ake danna masa AUTO ya sarrafa kansa. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Malam, tun kafin azumi sau uku ana saka mata gas, wuri uku daban, har yanzu tsugune ba ta ƙare ba." Na ce ya zauna kan benci ya faɗa mini yadda take yi, kada ya faɗa mini abin da yake zaton ya lalace. Ya ce a cikin gari da tsakar rana sanyin ba ya kai ya kawo, wani lokaci ma ya yanke gaba ɗaya. A doguwar hanya kuma, in sun yi sammako, da farko sanyi har ya yi yawa, bayan kamar awa guda sai iskar da ke fitowa ta riƙa raguwa, fanka tana ƙara amma ba abin da ke fitowa. In sun tsaya salla ko cin abinci suka dawo, sai ta koma daidai.

Ciwo biyu ne wannan, ba ɗaya ba. Na rubuta su daban.

Na ɗaura mano, wato ma'aunin matsin gas, injin yana kashe. Allura biyun, ja ta ɓangaren babban matsi da shuɗiya ta ƙaramin matsi, sun tsaya wuri guda, bar 9 da ɗoriya. Auta, yaron da ke koyon aiki a hannuna, ya ce, "Maigida, ai a cike take." Wannan kuskuren shi ke cinye kuɗin mutane a garin nan. Gas ɗin R134a, muddin akwai sauran ruwansa a cikin bututu, matsin da zai nuna injin na kashe zafin gari yake bi, ba yawansa ba. A digiri 40 wajen bar 9 zai nuna, ko rabin awo ne a ciki ko ya wuce awo. Kamar kwalbar gas ta girki ce: da nauyi ake gane ta kusa ƙarewa, ba da ƙarfin wutarta ba.

Irin wannan motar tana faɗin ciwonta da kanta in ka san yadda ake tambayarta. Ka danne AUTO da maɓallin juya iskar ciki tare, ka murɗa makulli, fitilun su yi walƙiya, sai lambobi su fito a wurin da ake ganin awon sanyi. Lamba 11 kaptar ɗin zafin cikin mota ne, 12 na zafin waje, 13 na saƙar sanyi, wadda ke sanyaya iskar, da ke cikin tabulo (dashbod), 21 na rana, 22 na juyawar kwamfaresa, 23 na matsin gas. Masu zuwa Kano sensa suke ce wa kaptar, abu guda ne. Tamu ta ba da 21 da 23. Auta har ya miƙe zai nemo kaptar ɗin rana, na ce ya dakata mu tura ta daga ƙarƙashin rumfa. Da rana ta haska gilashin gaba muka sake tambaya, 21 ta ɓace. Haka take yi a inuwa ko da lafiyarta ƙalau.

Saura 23. Na bi bututun ƙarfe siriri har wurin kaptar ɗin matsi, na tarar an zare masa fish, wato filogin wayarsa, an cusa guntun waya a ramuka biyu an naɗe da baƙar salatif. An yi masa direk ke nan. Wayar ta yi sako-sako, in ka taɓa lambar ta tafi, in ka saki ta dawo. Ga dalilin yankewar cikin gari, kowane rami motar ta faɗa sai wayar ta motsa.

Na tada injin na minti biyu kawai. Ja ta haura bar 27 tana ci gaba, na kashe.

Talata, 8 ga Afrilu

Na aro injin janye gas wurin wani abokina mai gyaran firijo a Zango, muka ɗora kwalba kan sikeli. Takardar da ke manne a ƙarƙashin kapo ta ce tsakanin giram 500 da 600 motar ke ɗauka. Abin da muka janye ya haura 800. Kowa ta je wurinsa sai ya ƙara mata, ba wanda ya auna.

Kondansar kuma, wato saƙar da ke gaban radiyata, in ka haska fitila ta baya ba ka ganin haske ta gaba. Ƙura ce ta hunturu ta haɗu da ƙarangiya da fukafukan fara ta zama kamar tabarma. Tsakaninta da radiyata na zaro leda biyu da gashin kaza. Jarka uku muka saya wurin ɗan ga-ruwa, don famfon unguwar yau kwana biyu ko ɗigo, muka wanke daga ciki zuwa waje, a hankali, saboda ƴan faifan alminiyon nan ko da yatsa lanƙwashewa suke.

Yanzu na gane yadda aka yi aka kai ga direk. Aikin kaptar ɗin matsi tsaro ne. In matsi ya faɗi ƙasa da wajen bar 2, alamar gas ya zube, sai ya yanke wa kwamfaresa wuta don kada ya yi ta juyawa ba mai, tunda man tare da gas yake zagayawa. In matsi ya haura wajen bar 31 nan ma ya yanke don kada tiyo ya fashe. Yana da wasu ƙafafu biyu da ke ƙara wa fanka gudu in an kai wajen bar 15. To ga kondansar a toshe, ga gas ya wuce awo, ga ranar Damagaram ta watan Afrilu. Dole ya yanke. Gaskiya yake faɗa, aka ce shi ne mara lafiya aka toshe masa baki. Kuma da aka zare fish ɗin gaba ɗaya, har maganar fanka aka taɓa ba a sani ba. Na gwada shi da mita, lafiyarsa lau. Fish ɗin ne ya buɗe baki saboda wayar da aka cusa, na samo wani daga tsohuwar waya na yi masa dalma.

Ban ambaci sunan wanda ya yi direk ɗin ga direba ba, ko da yake na gane hannun. Gari guda muke, gobe ma za mu haɗu a jana'iza.

Laraba, 9 ga Afrilu

Mun zuƙe iska rabin awa, muka rufe muka jira, allura ba ta motsa ba. Muka zuba giram 550 kan sikeli. Shuɗiya ta zauna kusa da bar 2 da rabi, ja tana wasa tsakanin 17 da 19, fanka tana tashi a kan lokaci. Ma'aunin zafi a bakin iska ya nuna digiri 9 alhali waje ya haura 40. Lambobi kuma 00, wato ba ciwo. Muka je Mirya muka dawo, sanyi har Auta yana naɗe hannu. Da la'asar Alhaji ya zo da kansa, na ce, "Ranka ya daɗe, an gama." Ya biya ya yi addu'a ya tafi.

Litinin, 14 ga Afrilu

Ta dawo. Ranar Asabar sun yi asubanci zuwa Kano su biyar, ba su kai Matamai ba iska ta ɗauke. Direban bai yi mini faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Malam, ai na faɗa maka tun ranar farko." Gaskiyarsa. A littafin nan da hannuna na rubuta ciwo biyu ne, amma da na ga sanyi ya zo sai daɗi ya ɗauke ni na manta na biyun. Zuwa Mirya da rana tsaka, tafiyar da ba ta kai kilomita 20 ba, ba za ta taɓa nuna abin da ke faruwa bayan awa guda da asuba ba.

Iska ta ragu fanka tana ƙara, a tsaya ta dawo: ƙanƙara ce ke rufe saƙar sanyi. Abin da ke hana hakan shi ne kaptar mai lamba 13. Ɗan ƙaramin abu ne kamar ƙwayar wake a bakin waya biyu, yana jikin saƙar. In sanyinta ya sauko wajen digiri 3 sai kwamfutar kilim ta saki kwamfaresa, in ya ɗan ɗaga ta sake kama shi. Shi ya sa mota mai lafiya kake jin "ƙas" lokaci lokaci. Na tambayi direba ko yana jin wannan ƙarar a hanya. Ya yi shiru, ya ce tun da ya fara tuƙa ta bai taɓa lura ba.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ruwan. Bazara ce, iska a bushe take ƙayau, ina ƙanƙara za ta samu ruwan da za ta toshe saƙa? Na leƙa ƙarƙashin mota injin yana aiki, ba ɗigo ko ɗaya. Na ɗaga shimfiɗar ƙafa ta gefen mai zaman banza, a jiƙe. Na zaro tiyon da ke zubar da ruwa, na tarar zanzaro ya yi gini a bakinsa, laka ta bushe kamar siminti. Ruwan numfashin mutum biyar yana taruwa a akwatin da saƙar take ciki, ba hanyar fita, fanka tana sake kwasarsa tana watsa wa saƙa.

Na auna kaptar mai lamba 13 daga fish ɗinsa, motar ta huce a inuwa, ciki wajen digiri 35. Ya ba ni om 880 (om shi ne awon turjiyar da abu ke yi wa wutar lantarki). Abin da ake tsammani wajen 1000 ne. Da gaggawa nake yi da na ce lafiya lau. Yau ba na gaggawa.

Talata, 15 ga Afrilu

Aikin da nake gudu shi ya same mu. Sai da muka sake janye gas ɗin da muka zuba, muka sauke tabulo gaba ɗaya, sitiyari a kan kujera, wayoyi a rataye kamar hanjin rago. Kowane kusa na sa Auta ya jefa a gwangwanin tumatir daban ya rubuta inda ya fito. Wuni guda cur.

Da muka buɗe akwatin, wari ya fara fitowa. Ɓera ya yi gida a gefen fanka da ɓawon gyaɗa da audugar kujera da guntun buhu. Alhaji yana ɗauko amfanin gona a but daga ƙauyensu ta wajen Magarya, motar kuma takan kwana kusa da rumbu. Wayar kaptar an gwaguye mata riga daidai wuyansa, jan ƙarfen ya yi kore, ga laka da fitsarin ɓera sun haɗe wayoyin biyu.

Na aiki Auta ya sayo ƙanƙara ta dala ashirin, muka farfasa a kofin silba muka zuba ruwa kaɗan, muka motsa har ma'auni ya tsaya a sifili. Irin wannan kaptar ɗin, zafi na ƙaruwa turjiyarsa na raguwa, sanyi na ƙaruwa tana hawa. Na Toyota a sifili ya kamata ya ba da tsakanin om 4600 da 5100, a digiri 15 kuma tsakanin 2100 da 2600. Muka tsoma namu. Lamba ta hau, ta hau, ta tsaya a 2900. Wato yana cikin ƙanƙara tsundum amma yana gaya wa kwamfuta digiri 10 ne. Ita kuwa tana jiran ta ji 3 kafin ta saki kwamfaresa. Za ta daɗe tana jira.

Na zauna na yi wa Auta lissafin a bayan kwali, don shi ya yi lakkol ya fi ni saurin kamawa. Dattin nan ya buɗe wa wuta wata ƴar ɓarauniyar hanya a gefen kaptar, mai turjiya wajen om 7000. Da zafi, lokacin da kaptar ke kan 1000, wuta ba ta damu da waccan hanyar ba, bambancin kaɗan ne, shi ne 880 da na gani jiya. Da sanyi kuwa, da ya hau kusan 5000, sai ɓarauniyar hanya ta kwashe kaso mai yawa. Ƙaryarsa a cikin sanyi kawai take fitowa, mu kuma a cikin zafi muke awo. Kwamfutar ma ba ta da laifi da ta ba ni 00. Waya ta tsinke ko ta haɗe gaba ɗaya, wannan tana ganewa ta ba da 13. Amma 2900 lamba ce da kaptar mai lafiya ma yake bayarwa a wani lokacin, ba yadda za ta yi ta san ba lokacin ba ne.

Na kankare, na wanke, na busar, ya hau 3600 ya tsaya. Ruwa ya riga ya shiga cikin kansa. Sai sabo.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Ranar kasuwa, gari a cike. Na zaga masu kayan mota na kusa da kasuwar Dole da masu fasa tsofaffin motoci, kowa sai ya ce in sayi akwatin gaba ɗaya. Wani ya kawo shawarar in sa ƴar turjiya tsayayya a madadinsa, "ai sanyi zai zo." Zai zo mana, direk ne da wani suna. Na ɗauki hoto na tura wa wani ɗan'uwa a Ƙofar Ruwa a Kano, zai ba direban tasha.

Asabar, 19 ga Afrilu

Saƙo ya iso, ba shi ba ne. Na zafin cikin mota aka aiko. Na mayar.

Talata, 22 ga Afrilu

Muna zaman jira Auta ya ce, "Maigida, ranar da muka je Mirya na ga allon yana nuna zafin waje 46, amma akwai F a gefe." Na ce to? Ya ce a lakkol an koya musu Amurkawa ba da awonmu suke auna zafi ba. Na ajiye shayin da ke hannuna.

Ni ma na ga 46 ɗin nan, direba ma kullum yana ganinta, har yakan nuna wa Alhaji ya ce yau gari ya yi zafi. Duk mun karanta ta da awonmu, kuma a Damagaram a wannan watan wa zai yi gardama da 46? Amma a awon Amurka 46 wajen digiri 8 ne namu. Ranar da muke 43, allon 109 ya kamata ya nuna. Motar tana tsakiyar bazara tana zaton sanyin Janairu ake yi, har ma ya fi. Shi ya sa in an bar ta a AUTO take yin sanyin jiki, fanka ba ta tashi da ƙarfi, sai direba ya murɗa komai zuwa ƙarshe da hannu.

Kaptar ɗin zafin waje yana bayan gaban mota, gaban kondansar. Na cire shi na auna ƙafafunsa kai tsaye: om 820, a zafin 42. Daidai ne, tunda a 25 tsakanin 1600 da 1800 yake bayarwa. Na mayar da shi na auna daga can ƙarshen waya: 3800. Na bi wayar da yatsa, na sami inda aka taɓa haɗa ta da murɗi bayan wani karo, direba ya ce akuya suka buge a hanyar Tanut shekara biyu da suka wuce. Mahaɗin ya yi tsatsa ya zama gari. A nan dattin a kan hanyar wutar yake, ba a gefenta ba, sai ya ƙara turjiya maimakon ya rage, motar ta ji sanyin da babu. Na yanke, na yi dalma, na sa rigar roba mai tsukewa da wuta. Ko sisi ba a kashe ba. Auta na ba jika guda, ya ci ta.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Kaptar ɗin saƙar sanyi na gaskiya ya iso jiya da dare. Kafin in ɗaura sai da ya sha ƙanƙara shi ma: 4800. Muka wanke saƙa, muka fasa ginin zanzaro, muka sa ƴar ragar ƙarfe a mashigar iska saboda ɓera, muka canza robobin bakin bututu, muka mayar da tabulo. Kusa ɗaya ya rage a gwangwani, muka yi ta nema har muka gano na ƙarƙashin rediyo ne. An ɗauke wuta ana tsakar zuƙe iska, sai da muka jira ta dawo muka sake daga farko. Giram 550. Allon waje ya nuna 106.

Asabar, 26 ga Afrilu

Wannan karon gwajin irin tafiyar da ke kawo ciwon muka yi. Bayan sallar asuba muka cika motar da yaran gareji, mu biyar, gilashi a rufe, iskar ciki tana juyawa, fanka a ƙasa, muka kama hanyar Maraɗi. Na sa ma'auni a bakin iska, kunnena yana kan kwamfaresa. Kafin mu fita gari na ji "ƙas" na farko. Har Takeita da dawowa yana kamawa yana saki, iska tsakanin digiri 6 da 8, ƙarfinta bai ragu ba. Da muka tsaya shan shayi na durƙusa na leƙa, ruwa yana ɗiga kan ƙasa, har wata kaza ta zo tana sha. Na kira Alhaji na ce a zo a ɗauka, amma ban ce an gama ba. Na ce a riƙa sanar da ni.

Litinin, 28 ga Afrilu

Direba ya kira jiya da azahar daga Birni: fitilar A/C tana ƙyaftawa, sanyi ya yanke, ya kashe ya kunna ta dawo. Yau ya kawo ta, na bar ta a rana tana aiki har ta sake yi, na tambaye ta nan take: 22. A jikin kwamfaresa akwai kaptar mai ƙirga juyawarsa, kwamfuta tana gwada ta da juyawar injin. In suka saɓa da yawa sai ta ɗauka kwamfaresa ya cije, ta yanke wuta don kada bel ya tsinke, ta riƙa ƙyafta fitila. Wannan karon ban fara da zargin kaptar ba. Bel da ƙarfinsa, ba ya sheƙi. Rele mai rubutun MG CLT, wanda ya yi suna wajen kawo wannan ƙyaftawar a irin waɗannan motocin, na musanya shi da na oda, bayan rabin awa ta sake yi. Na sa awon tazara tsakanin farantin kwamfaresa da fulinsa: milimita 0.8. Ya kamata ya tsaya kusa da 0.5. Farantin ya ci, ya yi shuɗi-shuɗi saboda watannin da ya yi yana ja da matsin da ya wuce kima ba mai tsayar da shi. In maganaɗisun ya yi zafi ƙarfinsa yana raguwa, tazara ta yi masa nisa, sai ya riƙa zamewa.

Na cire wasal ɗaya siriri daga bayan farantin, tazara ta dawo 0.5. Awa biyu a rana ba ta ƙyafta ba. Amma da na ɗora dogon sukundireba a jikin kwamfaresa na kara kunne, akwai wani gurnani can ciki da ban ji daɗinsa ba. Na faɗa wa Alhaji ta waya. Ya ce, "Malam, zai kai mu Babbar Salla?" Na ce ban yi alkawari ba, ranka ya daɗe, amma a kawo ta duk ranar Litinin in saurara, kuma kowa ya ce zai ƙara mata gas a ce masa an gode. Na rubuta awon yau: shuɗiya 2.4, ja 18, bakin iska 8, allon waje 108. Litinin mai zuwa, 5 ga Mayu, zan gwada da waɗannan.